Akwatin bes na bayan kujera: yadda lita shida suka ɓace mini

'Yan'uwa masu koyo irina, ga inda aka kwana kan akwatin sifikar bes da nake haɗa wa tsohuwar a-kori-kurata, Hilux mai kujera layi ɗaya. Mako na uku ke nan, kuma sai jiya Asabar na gane inda lissafina ya karkace.

Duk wanda ya taɓa kwantar da kujerar irin wannan mota ya san wurin da ke baya bai fi maƙogwaron kaza ba. Ƙasa da ɗan faɗi, sama a tsuke. Haka na sa aka yanka katakon MDF mai kaurin milimita 18 ya bi siffar wurin: daga ciki tsawo santimita 80, tsayi 33, zurfi 19 a ƙasa, 11 a sama. Idan ka raba tsakani zurfin ya zama 15, ka ninka su duka, za ka samu kusan lita 40. Sifikar inci 10 ce, kuma takardar da ta zo da ita tana ɗauke da lambobin nan uku, Fs da Qts da Vas, waɗanda ake kira ma'aunan Thiele da Small. Shi Neville Thiele injiniya ne ɗan Ostireliya da ya fitar da lissafin akwati mai bututu a 1961, Richard Small ya zo ya faɗaɗa shi daga baya. Na zuba lambobin a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, na ga lita 40 da sauti 35 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) sun ba da layi mai kyau a zanen da take nunawa. Na ce shi ke nan.

Ga wanda bai riga ya kama zancen bututun ba: ɗauki kwalbar lemo ka hura bakinta, za ta yi guɗa da murya ɗaya. Zuba ruwa rabi ka sake hurawa, muryar ta hau sama. Akwatin nan kwalba ce babba. Iskar da ke cikinsa tana matsuwa tana dawowa, iskar da ke cikin bututun kuma tana kai da komo a kanta. Ƙara tsawon bututu, murya ta sauka. Ƙara faɗinsa, ta hau. Rage iskar ciki, ta hau. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, shi ya kayar da ni.

Da farko fayif ɗin ruwa na roba mai inci 3 na sa, tsawon santimita 21, don shi ne mai sauƙin shiga. A ƙaramar murya lafiya lau. Da na murɗa amfilifaya sai bututun ya kama huci, fuf-fuf-fuf, kamar akuya mai mura. Iska ce ta yi wa ramin yawa. Masu wannan harka kan so gudun iskar bakin bututu kada ya wuce kimanin mita 17 a daƙiƙa, nawa kuwa manhajar ta nuna ya zarce sosai, ni ne dai ban buɗe wannan shafin ba tun farko. Na goge bakin da samfefa ya yi laɓɓa, hucin ya ragu, bai tafi ba.

Sai na koma inci 4. Amma faɗi yana zuwa da kuɗinsa: don a tsaya a 35 Hz ɗin nan, tsawon ya tashi daga 21 zuwa santimita 40. Na shigar da shi ta gefe, kwance a ƙasan akwatin inda zurfin ya fi, sifika kuma a ɗaya ɓangaren. Kafintan da ke yanka mini katako ya daɗe yana kallona. "Alhaji, wai sifika za ka sa ko famfo za ka ja?" Na ce masa, Malam, yanka dai, in ta yi ƙara kai za ka fara ji. Mutumin kirki ne, shi ya hana ni buga ƙusa, ya ce MDF tsagewa yake ta gefe, a fara huda rami da siririn bakin diril sannan a ɗaura sukuru, a bi da gam. Na bi duk kusurwoyin ciki da silikon, na bar shi kwana biyu ya bushe kafin na ɗora sifikar.

Huci ya tafi. To amma a Hz nawa akwatin yake kuka? Ba ni da na'urar awo, don haka na yi dabarar gero. Na kwantar da akwatin a tsakar gida, fuskar sifika na kallon sama, na zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan farantinta mai motsi. Na haɗa waya da manhajar da ke fitar da sauti guda, murya ƙasa-ƙasa, na fara daga 60 ina saukowa ɗaya-ɗaya. A 50 geron na ta tsalle kamar ana suyar gugguru. A 44 ya fara lafawa. Ina zuwa 38 sai ya kwanta, da ƙyar yake karkarwa, alhali tafin hannuna da ke bakin bututu yana jin iska na dukansa da ƙarfi. Na sauka 33, geron ya sake tashi, har wasu suka faɗo kaji suka samu rabo. Wurin da farantin ya fi natsuwa, nan ne muryar akwatin, domin a nan bututu ke ɗauke aikin. Nawa 38 ne, ba 35 ba.

Na zauna da biro. Lita 40 da na ba manhaja, ta akwati ce babu komai a ciki. Fayif mai inci 4, da kaurinsa, ya ci sama da lita uku da rabi. Maganaɗisu da ƙwaryar sifikar sun ci wajen biyu. Sandar da na gicciya don hana bango rawa ta ci rabin lita. Saura lita 34. Na mayar da 34 cikin lissafin, ya ba ni 38 cif. Geron bai yi ƙarya ba.

Na yi tunanin ƙara tsawon bututun. Lissafi ya ce sai ya kai kusan santimita 49, wanda zai sake cin iska, kuma bakinsa na ciki zai je ya manne da maganaɗisu, ga shi ana son a bar masa fili aƙalla daidai faɗinsa. Gyaran zai zama ɓarna. Na bar shi a 38, kuma ban ga asara ba. Igiyar da ta fi kauri a jitar bes mai igiya huɗu tana kusan 41 Hz ne, gangunan da nake saurare ma ba su sauka ƙasa da nan. Ƙaramin ɗakin mota kuma da kansa yake ƙara wa ƙananan sautuka ƙarfi. Ga zafi ma yana da nasa: sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa a awo 20 na ma'aunin Selsiyus, ya kai wajen 355 a awo 40, don haka motar da ta wuni a rana muryar akwatinta kan hau da kamar 1 Hz. Wanda ke faɗa a kan Hz ɗaya a watan Afrilu da rana yake faɗa.

Abin da ba na wasa da shi shi ne ƙasan 38. Can akwatin ya saki sifikar, farantin yana lilo kamar ba a cikin komai yake ba, kuma haka ake yaga sifika. Na kunna matatar ƙananan sautuka ta jikin amfilifaya, na tsayar da ita wajen 32.

Saura shimfiɗa kafet da shafa wa gindin akwatin fenti kafin damina, don MDF in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi. Akwai kuma wata ƙara, zirrr, da ke fitowa ta bayan kujerar direba duk lokacin da sauti ya bi ta 45. Na danna bangon akwati da hannu, ba ta daina ba. Ina zargin jak ne ko ƙarfen kwance taya, gobe zan fitar da su in sake kunnawa.