Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da aka sake kirana aiki

Makon jiya na tsaya a inda aka sallame mu a farkon 2009. Wanda bai zauna garin Elkhart na Amurka a lokacin ba ba zai gane ba, rashin aikin yi ya kusa kashi 20 cikin ɗari, har Obama da kansa ya zo garin a watan Fabrairu, don nan jihar Indiyana ce cibiyar ƙera motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, RV ake ce musu, kuma su mutum ke fara fasa saye in aljihu ya yi sanyi. Da na kira Kawu ina kuka-kuka, cewa ya yi, "Kai yaro, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya." Wallahi ranar haushin maganar na ji.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su.

Sai ga waya wata safiya, wai kamfaninmu ya gina sabon sashe, ana ɗaukar mutane, kafinta, masu wayarin, masu walda, masu fenti, har masu ɗinkin kujeru. Sashe ɗaya in ya buɗe sai ka ga masu kawo tagogi da katako da firiji su ma sun ƙara ma'aikata. Biyar na asuba muke farawa, ni da Amish, wasu Kiristoci ne da ba sa tuƙa mota, da ke zuwa a kan keke cikin sanyin nan, kuma biyan na yawan motocin da layinku ya gama ne, in kun gama da wuri kun tashi, shi ya sa gudu ake kamar ana kora. Gwiwata ta hagu a nan ta tafi.

Yaya kuwa har yau ban manta ba, shi ne ya ce a gaban Inna wai na tsallaka teku don in zama kafinta. To da kuɗin kafintan aka yi masa aikin ido, ko ya manta?

A 2021 RV sama da dubu 600 aka fitar a Amurka, ba a taɓa yi ba, ofataim har mun gaji da shi. Na so in kira Kawu in ce masa na baya ya dawo gaba, amma a lokacin shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa.

Sai mako mai zuwa, in ba ku labarin yadda Maman yara ta fara shiga ɗaya daga cikin motocin da na haɗa.