Direbobin yaƙin Bama

Duk direban tanka da ke bin layin ɗaukar mai a Apapa ya san Barikin Arakan, amma yawancin abokan aikina ba su san Arakan yanki ne a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) ba, inda sojojinmu suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Barikin Myohaung da ke Yaba ma sunan garin da suka ƙwace ne a Janairun 1945.

Kakana na wajen uwa direban soja ne a wancan yaƙin. Daga nan Ikko, kamar yadda yake kiran Legas har ya rasu, suka hau jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943 tare da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Da Hausa ake magana a cikin sojan Najeriya a lokacin, har Turawan hafsoshi sai sun koya.

Hirarsa ba ta harbi ba ce, ta hanya ce. Kwarin Kaladan kurmi ne da tsaunuka, babu titi ko ɗaya. Sojojin da kansu suka sare daji da adda da diga da shebur, suka fitar da hanyar jif mai tsawon kusan mil 75. Ya ce akwai kwanar da jif ba ta iya shanta a tashi ɗaya, sai ka ja baya, ka sake murɗa sitiyari, tayar baya na bakin rami, ga akwatunan harsashi a bayanka. Idan ruwa ya sauka, laka ta kama taya har gindin mota, sai a sauke kaya kakaf, a shimfiɗa gora, a tura. Da dare kuma ba a kunna fitila.

Inda hanya ta ƙare, 'yan dako ne ke karɓa. Sojoji ne su ma, amma aikinsu ɗaukar kaya a ka, da gammo, su hau tudu su ratsa rafi. Sauran abinci da alburusai jiragen Dakota ke jefo su da laima. Idan ya zo kan 'yan dakon nan sai muryarsa ta canza. "Kai yaro," yakan ce, "ni a zaune na yi yaƙi, su kuwa da wuyansu suka yi shi."

Abin yana yi mini ciwo. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, ban taɓa jin an ambaci direba ko bakanike ko ɗan dako ba, alhali bindiga ba ta tashi sai an kai mata harsashi.

Da ya dawo gida a 1946, tuƙin da ya koya a soja ne ya riƙe shi. Ya zauna a Agege, yana jigilar goro zuwa Kano a babbar mota, har idonsa ya yi rauni ya miƙa wa kawuna makulli.