Faɗin da ka rubuta wa Container roƙo ne kawai

Duk mai gina manhajar waya da Flutter, wadda Google ta saki cikakkiyar sigarta ta farko a Disambar 2018, sai ya gamu da wannan: ka ba Container, wato akwatin da ake saka abu a ciki, faɗi 100, tsayi 100, ka shafa masa ja, ka ɗora shi kai tsaye a kan allo, sai allon gaba ɗaya ya rine ja. Lambobinka na nan, ba wanda ya kula su. Ka saka shi cikin Center, mai ajiye abu a tsakiya, nan take ya koma ɗan akwatin da ka nema.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, in girman abu ya ƙi, uwarsa nake fara dubawa, wato abin da aka saka shi a ciki. Uwa ce ke yanka wa ɗa iyaka: kada ka gaza kaza, kada ka haura kaza. Ɗan ya zaɓi girmansa a tsakani ya gaya mata, ita kuma ta ajiye shi inda ta ga dama. Allo ba ya ba da zaɓi, cika ni kawai yake cewa. Center kuwa cewa yake ɗauki abin da ya ishe ka, muddin ba ka fi ni ba.

Shi kansa Container hawainiya ne. In babu komai a cikinsa sai ya baje ya cinye duk filin da aka ba shi. In da ɗa, ya tsuke daidai jikin ɗan. Ka ƙara masa alignment, wato umarnin gefen da ɗan zai zauna, ya sake bajewa. Dalili kuwa, abubuwa da yawa aka cusa a cikinsa, su Padding mai ba da tazara, da Align mai zaɓen gefe, da ConstrainedBox mai yanka iyaka. Shi ya sa in girma kaɗai nake so, SizedBox nake ɗauka, ya fi sauƙin karantawa ga wanda zai gaji aikin.

Inda aka fi shan wahala shi ne Row, mai jera abubuwa gefe da gefe, don ba ya yanka wa 'ya'yansa iyakar faɗi. Dogon rubutu sai ya miƙe ya fice ta gefen allo, ratsin gargaɗi na rawaya da baƙi ya bayyana. Mu masu mayar da manhaja Hausa mun san shi sarai, jimlar da ta zauna lafiya da Turanci takan yi tsawo a wurinmu. Expanded ne maganinsa: a ba rubutun ragowar fili, ya karya layi da kansa. Haka ma ListView, wato jerin da ake ja da yatsa, a cikin Column, mai jera abubuwa daga sama zuwa ƙasa, sai an yanka masa tsayi kafin ya yarda ya fito.