Rakiyar autanmu zuwa Winneba

Ranar da autanmu ya ce zai tafi Ghana karatun koyar da kiɗa, Baba bai tanka ba sai da ya idar da alwala. Sannan ya juyo ya ce, "Wato duk wahalar da na sha a kanka, maroƙi zan samu?" A Tudun Wadar Kaduna muke, kuma a layinmu mai kalangu wurin biki aka san shi, a liƙa masa kuɗi a goshi ya ƙara gaba. Aka yi ta ja-in-ja har Hajiya ta sa baki, aka tsayar da cewa ni zan raka shi in gano da idona.

Jirgin ƙasa na safe muka shiga a Rigasa, awa biyu da ɗoriya muna Abuja, daga nan sai jirgin sama zuwa Accra. Ba a neman biza tunda duk ƙasashen ECOWAS ne, amma katin allurar shawara dole ne. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

A Nima muka kwana, inda Hausa ke tashi ta ko'ina. Da safe aka kawo koko da ƙosai, mai sayarwa kuma ta ce sunansa ke nan a garin, "Hausa koko". Daga tashar Kaneshie muka kama hanyar yamma zuwa Winneba, garin masunta a bakin teku.

Makarantar da zai shiga jami'ar horar da malamai ce, an kafa ta a 1992 bayan an haɗe wasu tsofaffin kwalejoji, ciki har da makarantar kiɗa ta ƙasa da ke garin tun da. Digirin shekara huɗu ne. Ana koyon karanta kiɗa a rubuce, da fiyano, da sarewarsu ta gora mai suna atenteben, ga kuma darussan sanin halayyar yara da dabarun koyarwa. Kafin a gama sai an tura ɗalibi wata makaranta ya riƙe aji ana duba shi.

Abin da ya tsayar da ni wani aji ne da muka leƙa. Ɗalibai sun yi da'ira, kowa da ganga a hammata yana matsa tsarkiya, malami na tsaye yana rubuta bugun a allo. Dondo suke ce mata. Wallahi kalangu ce, ba ta da maraba da wadda mahauta ke tashi da ita a kasuwar Bacci. A nan kuwa jarrabawa ake yi a kanta, mutum ya ci ko ya faɗi. Auta ya karɓi guda ya buga, malamin ya tambaye shi wa ya koya masa. Sai ya sunkuyar da kai, don a ɓoye ya koya, a bayan gidan wani makaɗi a Unguwar Sanusi.

Kwana huɗu na yi na juyo. Na tarar da Baba a ƙofar gida bayan la'asar, na miƙa masa waya ya kalli ajin nan har sau biyu.

"Akwai masallaci kusa da inda yake kwana?"

Na ce akwai, Baba, a zango.

"To, ka ce wa uwarku ta haɗa masa yaji da kuka, in an samu mai tafiya."