Inda mutum zai sauka bayan ya shiga asusunsa

Aikin gina shafukan intanet ya koya min cewa ɗan taƙin da ke tsakanin danna maɓallin shiga da buɗewar shafi na gaba ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. A ido abin ba wuya: ɗalibi ya sa suna da kalmar sirri, a kai shi wurin darussansa, malami ya shiga, a kai shi inda zai duba makin aji. Layi biyu ko uku a manhaja, an gama.

Amma sau da yawa mutum da abin da ya kawo shi. An turo masa mahaɗi ta imel zuwa wata takardar biyan kuɗi, ya danna, aka ce sai ya shiga tukuna. In ya shiga muka wurga shi babban shafin asusunsa, mun raba shi da takardar ke nan, sai ya koma imel ya sake lalube. Shi ya sa Django, wata manhajar gina shafukan intanet, ke riƙe adireshin da mutum ya nufa a wani gurbi mai suna next, sai in babu shi ake komawa ga LOGIN_REDIRECT_URL, wato adireshin da mai gina shafi ya zaɓa tun farko. Wannan tsari ya kwanta min a rai, domin yana sa niyyar mai shiga gaba da zaɓin mai gina shafi.

Sai dai ta nan ɗin 'yan damfara ke kutsowa. Su haɗa mahaɗi mai ɗauke da sunan shafinka na gaskiya, a wutsiyarsa su liƙa nasu adireshin. Mutum ya ga sunan da ya sani, ya shiga hankali kwance, sai shafinka da kansa ya miƙa shi ga na jabu da ke cewa kalmar sirri ba daidai ba, a sake rubutawa. OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajojin intanet, ta sa wannan matsala a lamba 10 cikin jerin manyan haɗurranta na 2010 da na 2013. Maganin shi ne a ƙi duk adireshin da ba na gida ba, aikin da umarnin wp_safe_redirect ke yi a WordPress, wata manhajar gina shafuka.

Darasin da ya fi zama min shi ne tura mutum zuwa shafinsa ba ya tsare komai. Nuna wa baƙo ɗakinsa bai kulle sauran ɗakunan ba. In adireshin mutum ya ƙare da 45, ba abin da zai hana shi mayar da shi 46, kuma in shafin bai sake tambayar wane ne wannan, nasa ne ko ba nasa ba, bayanan wani sun fito fili. Wannan yana damuna ƙwarai, don wanda aka tona wa asiri bai ma san an yi ba. Dole kowane shafi ya yi nasa binciken daga bayanan zaman, wato shaidar wanda ya shiga, da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ke riƙe da su, kuma a sauya lambar zaman da zarar an shiga.

Lambar da sabar ke aika wa burauza don tura mutum wani adireshi ma da nata. Burauza na haddace 301 a matsayin ƙaura ta dindindin, to a kwamfutar da mutane ke rabawa, na biyu zai iya tsintar kansa a adireshin na farko. A nan 302 ko 303 ake so, don ba ƙaura ta dindindin suke nunawa ba.

Yanzu kafin in miƙa irin wannan aiki, sai na buɗe asusu biyu, na shiga da ɗaya, na gwada adireshin ɗayan.