Gyambon da ba ya ciwo

Yau a layin asibiti wata yarinya ke kusa da ni, ba za ta wuce shekara 10 ba, sai jan hijabi take tana rufe kumatu. Mamanta ta ce min wai watanni kenan da ƙurji ya fito mata, ya fashe ya zama gyambo, ba zafi ba komai amma ya ƙi warkewa, an shafa toka an sha rubutu, har ƴan uwa sun fara cewa sammu ne. Da nas ta duba sai ta ce Hajiya wannan ya yi kama da leshmaniyasis, sai an gwada, wani ɗan mitsitsin ƙuda ke kawo shi, bai kai sauro ba, ba ka jin kukansa, da yamma zuwa dare yake cizo, kuma sai bayan makonni ko watanni ciwon ke fitowa shi ya sa ba mai tuna cizon.

Yarinyar ba ta tambayi allura ko magani ba wallahi, cewa ta yi "Anti tabon zai tafi?" Nas ta ɗan yi shiru, don ko ya warke yakan bar tabo. Ni dai tunanina yadda ƴan ajinsu za su riƙa tsokanarta.