Filin Jidda da Na Saya Sau Biyu

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa jirgi a kwamfuta ya san yadda filayen ƙari suke taruwa, wato filayen jirgin sama da ake saye dabam a ƙara wa wasan. Ka sayi ɗaya don wanda ya zo da simileta, wato wasan tuƙin jirgin, bai yi kama da na gaske ba, ka sayi na biyu don an yi rangwamen ƙarshen shekara, na uku kuma don ka gani a wurin wani ya burge ka. Kafin ka ankara foldar Community, inda ake zuba waɗannan filaye, ta cika da dogayen sunaye waɗanda kai da kanka ba za ka iya faɗin daga ina suka fito ba. Ni a Garwa nake, ina tashi a Microsoft Flight Simulator wanda ya fito a 2020, kuma sai da na yi asarar da har yau take ci mini rai kafin na fahimci abin da ya kamata mutum ya riƙa rubutawa game da kowane fili da ya saya.

Mu a nan, wahalarmu daga wurin biya take farawa. Mai sayar da fili a Turai katin banki yake so, ni kuma a lokacin kuɗin waya kaɗai nake da shi. Fili guda mai kyau yakan kai yuro 20, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, ka ga sama da 13,000 ke nan kafin banki ya ɗora nasa. To wanda yake da kati a gidanmu shi ne yayana, ɗan wan babana, da yake kasuwanci a Yawunde. In na ga abin da nake so sai in tura masa kuɗin ta waya, shi kuma ya biya da katinsa. Wani shagon yakan yarda in shiga da asusuna in sa lambar katinsa, to wannan ba matsala. Amma wani lokaci banki yakan tura lambar tabbatarwa a wayarsa, layi ya tsinke, lokacin ya ƙure, sai ya gaji ya ce, "Ƙanena, bar shi kawai, ni zan saya daga nan in turo maka." Sai ya buɗe asusu da imel ɗinsa, ya biya, ya turo mini mahaɗin saukewa. Haka aka sayi filin Jidda.

Ina da dalilin son wannan fili fiye da sauran. Baba daga Garwa ya tashi zuwa aikin Hajji, kuma ba ya gajiya da ba da labarin tafiyar. Da na sa filin, sai na kira shi wata rana bayan Isha'i. Na tayar da jirgi daga FKKR, filin Garwa, kogin Binuwai yana ƙarƙashinmu, na miƙa ta sararin Cadi da Sudan, na ƙara gudun lokaci har muka tsallake Bahar Maliya. Da muka sauka a OEJN, filin Jidda, na kewaya da jirgin wajen tashar alhazai mai rufin nan fari kamar tantuna a jere, sai Baba ya gyara tabarau ya matso da kujerarsa, ya sa yatsa a jikin gilashin ya ce, "Nan ne. A ƙarƙashin wannan rumfa muka zauna muna jiran mota." Daga ranar in ya ga na kunna kwamfuta da dare yakan leƙo ya ce yau ina muka nufa.

A watan Afrilu faifan kwamfutar ya mutu. Wanda ya san Garwa a wannan wata ya san zafin yakan haura digiri 40, ga ƙura, ga wuta da take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Mai gyara ya duba ya ce babu abin da za a iya cirowa. Na sayi sabon faifai, na sake sauke simileta, wanda shi kaɗai ya haura gigabait 100, da datar dare kaɗan-kaɗan. Abin da na saya a Marketplace, shagon da ke cikin wasan, duk ya dawo da kansa da na shiga asusuna. Na Orbx, wani shagon sayar da filaye, ma haka, manhajarsu ta jero mini su. Na shagunan da na yi rajista da imel ɗina, na bincika akwatin saƙo na tono rasit ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ci lokaci amma an samu.

Jidda ce ta ƙi.

Na kira Yaya na ce ina buƙatar ya shiga asusun nan ya sake turo mini mahaɗin, don tsohon ya daina aiki. Ya ce wane asusu? Na tuna masa. Ya gwada kalmar sirrin da yake zato, ba ta shiga ba. Ya nemi a sake masa wata, aka tura ta imel ɗin da ya yi rajista da shi. Ashe wannan imel ɗin tsoho ne, ya bar amfani da shi tun da aka sace masa waya a kasuwa. Ya nemi buɗe imel ɗin, aka ce za a tura lamba zuwa layin wayar da ke haɗe da shi. Layin kuwa ya tafi tare da wayar, bai je ya karɓo shi ba don ya riga ya koma wani, kamfani kuma ya rufe shi ya ba wani mutum dabam. Har kiran lambar na yi, wata mata ta ɗauka, ba ta ma gane abin da nake faɗi ba, kuma ba ni da bakin roƙon baƙuwa ta karanto mini lambar sirri.

Na rubuta wa shagon. Sun amsa cikin ladabi, suka ce in kawo lambar oda, ko in rubuto daga imel ɗin da aka yi sayayyar da shi, ko aƙalla in faɗi ranar da aka biya da lambobi huɗu na ƙarshen katin. Katin ya ƙare an canza wa Yaya wani, saƙon banki yana cikin wayar da aka sace, lambar oda kuwa ban taɓa ganinta ba don ni mahaɗi kawai aka turo mini. Ba na ganin laifinsu, ko ni ne mai shagon ba zan miƙa kaya ga wanda ba shi da shaida ba. Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kuɗin daga aljihuna suka fita, na yi wata da watanni ina sauka a filin, kuma a takarda ban taɓa mallakarsa ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Yaya ya ce, "Ka yi haƙuri, bari in biya maka wani." Na ce a'a Yaya, kai taimako ka yi. Na je na buɗe katin da ake zuba wa kuɗi kafin a yi sayayya, na sake sayen filin da sunana, a cikakken farashi, don lokacin babu rangwame kuma Baba yana tambaya.

Tun daga nan nake da littafi. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, kuma da gangan na zaɓi takarda, don abin da ya ci faifai ba zai ci shi ba. Akwai kwafinsa a jadawali a cikin waya, amma littafin shi ne asali. Kowane fili yana da layinsa, kuma da lambar ICAO nake farawa, haruffan nan huɗu da ake gane filin jirgi da su, don sunan gari yana rikita mutum: birni ɗaya na iya samun filaye biyu ko uku, amma FTTJ Njamena ce kaɗai, DNKN Kano ce kaɗai. Sai wanda ya ƙera filin, sai shagon da na saya, waɗannan biyu kuwa ba ɗaya ba ne, fili guda ana iya samunsa a shaguna uku, kuma inda ka saya nan kaɗai za a ba ka sabuntawa. Sai kwanan wata, da kuɗin, da lambar oda, da lambar lasisi in akwai. Ginshiƙin da na ja wa layi da jan biro shi ne na imel: da sunan wa aka saya. Da wannan ginshiƙi yana nan tun farko, ranar da aka sace wa Yaya waya zan duba in ga akwai kayana a rataye da layinsa, mu canza adireshin tun asusun yana buɗe. Aikin minti kaɗan ne.

Rasit kuma ba na barinsa a akwatin saƙo kawai. Da zarar na biya nake ɗaukar hotonsa, in ajiye shi a folda ɗaya da fayil ɗin filin a faifan waje, in sa wa foldar sunan da ya fara da lambar filin. Wannan faifan ba ya kwana a jikin kwamfuta. In na gama kwafi sai in zare shi in sa a leda in ajiye a cikin akwatin kaya, nesa da ƙura da wutar da ke dawowa ba sallama. Mutanen Turai za su ce me ya sa za ka ajiye fayil alhali kana iya sake saukewa? Su intanet ɗinsu ba a auna musu da gigabait. Fili babba ɗaya yana iya cin gigabait uku ko huɗu, kuma ni na san nawa na kashe a data a wancan watan. Ban da haka, filayen yankinmu kaɗan ne ake sayarwa, yawancin abin da za ka samu na Kamaru da Cadi da arewacin Najeriya masu sha'awa ne suka yi kyauta suka ɗora a wurare irin flightsim.to, kuma mai shi yana iya cirewa ranar da ya ga dama. Su ma suna cikin littafin, a shafukan baya.

Wani abin da na ƙara daga baya shi ne lambar sigar da nake da ita. A cikin foldar kowane fili akwai ƙaramin fayil mai suna manifest.json, in ka buɗe shi za ka ga sunan wanda ya ƙera da lambar sigar. Da fensir nake rubuta wannan don yana canzawa. Amfaninsa yana fitowa ne in simileta ta yi babbar sabuntawa, wani fili ya fara jawo tsayawar wasan ko gine-ginensa su nutse a ƙasa. Maimakon in yi ta cire filaye ɗaya-ɗaya ina lalube, sai in gwada lambar da ke littafi da wadda ke shago, in ga wanda aka bari a baya.

Da nake cika littafin ne ma na gano ina da filaye biyu na tasha ɗaya a Turai, ɗaya na saye ɗaya na kyauta, dukansu a Community. Shi ya sa gadar shiga jirgi take fitowa biyu a haɗe, alhali ni na ɗauka haka mai ƙerawa ya yi. Yanzu foldar Community kusan babu komai a cikinta. Filayen suna wata folda dabam, na raba su ƙasa-ƙasa, ina amfani da Addons Linker, manhajar kyauta da take haɗa wanda ka zaɓa kawai. In zan tashi daga Garwa zuwa Jidda, su biyun nake kunnawa, wasan kuma yana buɗewa da sauri fiye da dā.

Ga wanda yake saye a Marketplace, ya rubuta ko similetarsa ta shagon wasanni na Steam ce ko ta shagon Microsoft, don abin da aka saya a ɗaya ba ya bin mutum zuwa ɗayan. Wannan bai same ni ba, amma na sa shi a shafin farko don kada wata rana rangwame ya ja ni in canza gida.

Da Flight Simulator na 2024 ya fito a watan Nuwamba na shekarar 2024, sai maganar shaidar saye ta sake tasowa. Wasu masu ƙera filaye sun ba tsofaffin masu saye sabuwar siga kyauta, wasu sun rage musu kuɗi, kuma duk ta asusun da aka yi sayayyar ake bi. Na zauna ina duba jerin nawa, sai na tuna cewa can a wani asusu da ba mai iya buɗewa akwai filin Jidda da aka biya da kuɗina, duk abin da za a ba masu shi ana ba shi, ba mai karɓa. Raina ya sake ɓaci kamar ranar aka yi. Ni dai ban koma sabuwar ba tukuna, don yawancin kayanta daga intanet take jawowa kana cikin tafiya, layinmu kuwa ba kullum yake ɗauka ba. Na dai ƙara ginshiƙi ɗaya a littafin, ina sa alama a gaban duk filin da mai shi ya ce yana aiki a can.

Yanzu da nake da kati, ni ake zuwa wa. Kwanan baya wani yaron unguwarmu da ya fara tuƙi ya zo da kuɗinsa a hannu ya ce, "Yaya, ka saya mini da asusunka mana, ai ya fi sauri." Na ce masa katina zan ba ka aro, asusuna kuwa a'a. Na zaunar da shi ya buɗe nasa da imel ɗinsa, na sa ya duba wane layi ne a haɗe da imel ɗin, ya ƙara na biyu na mahaifiyarsa. Lambar tabbatarwa ta makara, muka sake, ya fara ƙosawa. Da biyan ya shiga na miƙa masa biro da takarda, ya kwafe lambar odar a gabana kafin na bar shi ya danna saukewa.